Masu sayen katin girafik (na'urar sarrafa hoto a kwamfuta) a kasuwar Circle ta Accra, ku duba bayan kwali

'Yan'uwa, kar girman "GB" (wato yawan ma'adanar katin) da aka rangaɗa a gaban kwali ya ruɗe ku. Ku juya kwalin, ku karanta ƙananan rubutun. Katin GT 1030 iri biyu ne, duka 2GB, amma nau'in ma'adanar ɗaya GDDR5 ne, na ɗayan DDR4. Na farkon yana jigilar bayanai kusan 48GB a daƙiƙa, na biyun bai kai 17 ba. Suna ɗaya, aiki daban. Haka RTX 3050, akwai mai 8GB, akwai mai 6GB da aka rage wa ƙarfi.

Kafin ka zaro sidinka, ka ce mai shago ya jona katin a kwamfuta, ka buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kati, ka ga nau'in ma'adanar da idonka. In ya fara kame-kame, shagon gaba na nan.