Yadda Ake Koya wa Yara Rubuta Ƙololuwar Labari Mai Sa Faɗuwar Gaba

Duk malamin da ya taɓa duba insha'in 'yan aji 5 ko 6 na firamare ya san wannan ciwon. Yaro zai cika shafi biyu yana ba ka labarin yadda aka tashi da asuba, aka yi sallah, aka sha koko da ƙosai, aka ɗaura takalmi. Da an iso wurin da kake ta jira, inda ɓarawo ya diro ta katanga ko gamsheƙa ta fasa kai, sai ya sallame ka da layi ɗaya: "Sai aka yi ta bugu, sai aka kashe ta." Kasuwa ta watse ke nan. Wurin nan da ya tsallake shi masu nazarin adabi ke kira ƙololuwa, inda rikicin labari ya kai maƙura, dole a yi ta ta ƙare.

Yaro yana ɗauka cewa idan abu ya faru da sauri, to a rubuta shi a gurguje. A ƙololuwa kuwa jimloli ne ke gudu, lokaci ja yake yi. Abin da bai wuce daƙiƙa 10 ba zai iya cinye rabin shafi. Duk matakan da ke ƙasa wannan suke son cusa masa.

Fara da baki, a ajiye biro

Yaranmu sun iya wannan abu tun kafin su san shi. Saurari yaro yana ba abokansa labarin karen da ya biyo shi a lungu, za ka ji har da haki. Takarda ce ke daskarar da su. Don haka ranar farko a rufe littattafai. Ka ce "Ga ta nan, ga ta nanku," su amsa "Ta zo mu ji ta," ka kawo tatsuniyar da Dodo ke bin yarinya. Daidai inda ya kai hannu zai cafke ta, ka yi shiru, ka ɗauki ruwa ka sha a natse. Aji zai kaure: "Malam, sai me ya faru?" To nan za ka tambaye su abin da ya sa suka ƙagu.

Ka nuna musu dabarar kakanninmu. Dodo ba ya faɗowa gida kai tsaye. Za a jiyo waƙarsa daga can bayan gari, a sake jin ta a bakin rijiya, karo na uku tana ƙofar ɗaki. Waƙar ba ta canja ba, tazarar ce ke raguwa, kuma raguwar nan ce ke sa yara matsowa jikin tsohuwa.

Tambaya biyu kafin a rubuta komai

Me tauraron labarin zai rasa in ya gaza? Kuma me ya hana shi jira sai gobe? Ta biyun nake kira agogo, ko da babu agogo a labarin: rafi na cika, wuta na cin zana tana nufar rumbu, cajin waya ya kusa ƙarewa, mai gadi ya kama ƙofar makaranta zai rufe.

Yara za su so su kawo bindiga da 'yan fashi, don abin da suke gani a fim ke nan. Ni nakan ja su zuwa tsoron da suka sani da jikinsu. Yaron da ya fasa filas ɗin shayin Baba, ya kuma jiyo ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, ya fi sanin faɗuwar gaba fiye da duk wani jarumin da zai aro.

A ja lokaci

Wannan mataki shi ya fi cin lokaci, shi kuma ya fi biya. Ka kifa kai a tebur kamar barci ya kwashe ka, ka sa yaro ɗaya ya lallaɓo daga bakin ƙofa ya sace allin da ke kusa da hannunka. Sauran su zuba ido su rubuta duk motsin da suka gani: ya ɗaga ƙafa, ya tsaya, benci ya yi ƙara, ya haɗiye yawu, Malam ya motsa. Tafiyar da ba ta kai rabin minti ba za ta ba su layi 12 ko fiye. Su ƙirga da kansu, sai ka ga sun riƙe baki.

Daga nan ka kafa doka: yau an hana kalmar "tsoro". Wanda yake son ya ce tauraronsa ya ji tsoro, ya nemo shi a jiki. Zufa ta keto masa. Gwiwa ta yi sanyi. Bakinsa ya bushe. Mukulli ya ƙi shiga kafa saboda rawar hannu.

Gyaran jimla

Babban abokin gabarka a nan shi ne "sai". Ka sa kowa ya zagaye duk "sai" da ke shafinsa, ya bar biyu ko uku kacal. Hausa ba ta buƙatarsa don ta yi gudu, aikatau ne ke bin juna: "Ya miƙe, ya zari sanda, ya yi waje." Ka koya musu kuma ginin nan da ke haɗa abu biyu a numfashi ɗaya: "Yana buɗe ƙofa ke nan, fitila ta mutu."

Sannan ga arzikin da harshenmu ya tara na kalmomin amsa-kama. Ka cika allo da su tare da yaran: wuf, caraf, zumbur, tsulum, tim, fit, tsit, ras. Amma gishiri ne, in ya yi yawa miya ta ɓaci. Biyu ko uku sun isa shafi. Haka nan maganganu irin su "ƙafa me na ci ban ba ki ba" da "ya ranta a na kare", daɗi gare su, sai dai dariya suke sawa. In dariya ake nema, bismillah. In gaba ake so ya faɗi, a ajiye su. Magana tsakanin taurari ma a taƙaita ta, ba mai tsayawa "ina gajiya, ya iyali" gobara na ci.

Ga yadda labarin filas zai iya fita bayan gyara:

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Sale ya dubi filas, ya dubi labule. Kwalba ko'ina. Ya zari tsintsiya, ya tura tarkacen ƙarƙashin tabarma. Tsini ya soke shi a yatsa, bai ko ce wash ba.

"Salamu alaikum."

Muryar Baba, daga zaure.

Shayi na bin siminti, ya nufi bakin ƙofa. Sale ya tuɓe riga, ya danne shi. Takalmi, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Labule ya motsa.

"Kai Sale, miƙo min filas ɗina."

Kada a kuɓutar da shi da arha

Dabarar farko ta gaza, ta biyu ta ƙara dagula lamari, sai a ta uku a samu mafita ko a faɗi. Kuma tauraron ne zai fid da kansa. Na gaji da karanta "sai ya farka, ashe mafarki ne", har na soke shi a ajina gaba ɗaya, tare da ɗan sandan da ke ɓullowa daga sama. In wuƙar da za ta yanke igiya za ta yi aiki a shafi na uku, a nuna mana ita a aljihunsa tun shafin farko. Da an warware, layi biyu ko uku a rufe. Tsofaffi ma da Dodo ya faɗi ba sa jan zance, sai ƙurunƙus.

A karanta a fili

Kowa ya karanta wa na kusa da shi, sannan a zaɓi huɗu ko biyar su karanta wa aji. Inda mai karatu ya sarƙe, jimla ta yi tsawo. Inda aka fara wasa da biro ana leƙen taga, akwai abin yankewa. Jan biro kan ƙa'idojin rubutu, wato ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ da rabewar kalmomi, ka bar shi sai zagaye na biyu, don yaron da aka fara tarba da ja ba zai sake sakin jiki ba.

Aikin gida kuwa ga shi a shirye: su ɗora daga inda Baba ya nemi filas. Kada ya wuce layi 10, babu mafarki, kuma Inna ta tafi unguwa, ba za ta shigo ta ba da haƙuri ba.