Kurakuran da ke ɓata ƙananan matatun sauti na silikon

Dabarar ba ta da wuyar faɗa. Ana sassaƙa siraran harsuna a jikin silikon, sinadarin da ake ƙera ƙananan kayan lantarki da shi, kowanne da tsawonsa, ta yadda harshe zai fi kaɗawa idan sautin da ya dace da shi ya iso. Kusan haka cikin kunnenmu ke rarrabe sauti, binciken da ya kai Georg von Békésy ga kyautar Nobel a 1961. Wajen ƙerawa ne ake tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne mance iska. A kwamfuta harshe yana kaɗawa tsaf, saboda mai zane bai sa ta cikin lissafi ba. A zahiri kuwa, tazarar harshe da farantin da ke ƙasansa 'yan maikiromita ce kawai (maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Iskar da ke wurin ba ta samun mafita da sauri, sai ta danne motsin, matatar da aka so ta zaɓi sauti guda ta koma tana barin maƙwabtansa suna wucewa. Ba kuma damar zuƙe iskar, tunda ita ke kawo sautin. Maganin shi ne a huhhuda farantin, ko a faɗaɗa tazarar. Wannan gyara riba biyu ce, domin ƙwayoyin iskar da ke bugun harshe su ke haifar da hayaniyar da ke binne ƙaramin sauti, kuma in dannewar iska ta ragu ita ma raguwa take, kamar yadda mai bincike Thomas Gabrielson ya nuna a 1993. Ga na'urar taimaka wa ji, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Sai taurin silikon. Da yawa suna ɗauko lamba ɗaya su zuba, alhali taurin ya danganta da fuskar da aka yanka: gigafaskal (ma'aunin tauri) 169 ta wata fuska, 130 ta wata. Harshe mai tsawon maikiromita 500 da kaurin 2 zai kaɗa kusan sau 11,000 a daƙiƙa da lamba ta farko, da ta biyu kuma bai kai 9,700 ba. Kauri ma haka: in ya kauce da maikiromita 0.1, kaɗawa ta kauce da kashi 5 cikin ɗari. Shi ya sa nake ganin dole a bar hanyar saita harshe da lantarki bayan ƙira. A dai kula, in jan lantarki ya sunkuyar da harshe fiye da kima, faɗawa yake gaba ɗaya ya manne wa farantin.

Mannewa ma kan zo tun wajen wanki. Bayan asid ya cinye abin da ke tallafe da harshe, ruwan da ke bushewa yana janyo shi ƙasa, kamar jiƙaƙƙiyar riga a jiki, kuma ba ya sake tashi. Dogayen harsuna na sauti mai kauri su suka fi faɗawa wannan. A yi amfani da tururin asid maimakon ruwansa, ko a busar da harsunan da iskar CO2 a zafin da ya haura digiri 31 na Salsiyas da matsin da ya haura 74 a ma'aunin bar, sannan a bar 'yan ƙusoshi a ƙarƙashin harshen don rage wurin taɓawa.