Kurakuran Ɗaura Jigo da Kafa Kayan Ƙarfe a Jirgin Filafili na Katako

Mai ƙera jirgi a gida yakan ƙarar da haƙurinsa a kan gangar jirgin, idan aka zo kan igiyoyi da kayan ƙarfe sai gaggawa ta shigo. Alhali duk ƙarfin iskar da filafili ya tara a kan 'yan ƙusoshi yake sauka, ruwa kuma ta hudar ƙusoshin nan yake shiga katako.

Kuskure na farko shi ne kafa maɗaurin igiya mai ƙaho biyu da sukuru kawai. Sukuru na riƙe da zaren katako ne, fizga ɗaya mai ƙarfi ta isa ta tumɓuke shi. Duk abin da zai ɗauki nauyi, ƙusa mai noti za a sa ta ratsa daben jirgin har ƙasa, a tare ta da farantin ƙarfe ko filawud mai kauri wanda ya fi gindin maɗaurin faɗi. Washa kaɗai nutsewa take yi cikin katako. Tsawon maɗaurin ya kai ninki 16 na kaurin igiya: igiya mai milimita 10, maɗauri mai milimita 160.

Hudar kanta ita ce inda aka fi yin sakaci, kuma ɓarnarta ba ta fitowa sai bayan damina biyu ko uku, lokacin da za ka danna babban yatsa kusa da ƙusar ka ji katakon ya yi laushi kamar burodi. Gyaran ba wuya. Idan ƙusar milimita 6 ce, huda ramin milimita 10 ko 12, toshe ƙasansa da tef, cika shi da ifoksi mai kauri, wato manne mai ƙarfi da ruwa ba ya ratsawa. Ya bushe, sai ka sake huda milimita 6 a tsakiya. Yanzu ƙusar ba ta taɓa katako ko kaɗan. Ɗan faɗaɗa bakin hudar daga sama, naɗa tef ɗin butil (roba mai danƙo da ke tare ruwa) a wuyan ƙusar, sannan ka ɗaure daga ƙasa, wani ya riƙe kan ƙusar kada ta juya ta kwashe butil ɗin. A guji toshe huda da man silikon, don yana barin maiƙon da fenti ba ya kamawa. 3M 5200 kuwa manne ne na har abada. Ranar da kake son cire abin, da fatar daben zai fito.

Sai zaɓen ƙarfe. Sukurun tagulla na kantin kafintoci yana da tutiya da yawa, ruwan gishiri na cinye tutiyar, sukurun ya koma ja-ja ya riƙa marmashewa. A teku, buronz mai silikon (gaurayen jan ƙarfe ne) ko sitenles lamba 316 (ƙarfe mai jure tsatsa) ake sa wa. Sitenles ɗin ma yana da nasa hali: idan ya nutse a jiƙaƙƙen katako inda iska ba ta kai masa, yana rarakewa a ɓoye, saboda haka ƙasan ruwa buronz ya fi. Kada a matse wayar sitenles da zoben alminiyam, na jan ƙarfe ake amfani da shi.

Farantan da wayoyin jigo (doguwar sandar da ke riƙe filafili) ke kamawa a gefen jirgi dole su kalli inda wayar ta dosa. In sun karkace, kowace igiyar ruwa sai ta lanƙwasa bakin wayar, a hankali silin ya fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. A ɗaure su a haƙarƙarin jirgi ko bangon ciki, ba a allon gefe kaɗai ba. Kusurwar da ke tsakanin waya da jigo kada ta gaza digiri 10 zuwa 12. In jirgin siriri ne, a sa sandunan buɗa waya.

Ɗame waya fiye da kima cuta ce ta waɗanda suka koyi aiki a jiragen roba. Ga wayar sitenles 1x19, wato mai sili 19 a murɗe, miƙewar milimita 1 a tsawon mita 2 na nufin kusan kashi 5 cikin ɗari na ƙarfin da zai tsinka ta, kuma jiragen zamani kan kai kashi 15. Jirgin katako bai son haka: jigo zai danna ƙashin bayan jirgin, ɗinkin allunan ƙasa ya buɗe, ruwa ya fara tsattsafowa. A ɗame daidai yadda jigo zai tsaya cak; in wayar ɓangaren da iska ba ta bugawa ta ɗan saki ana tafiya, ba laifi. A shafa wa zaren abin ɗamewar man lanolin, a buɗa ƙafafun fil ɗin da ke hana shi kwancewa kaɗan, a naɗe da tef kada ya yaga filafili.

Igiyar nailan tana miƙewa, ta anka ce. Ta ɗaga filafili da sarrafa shi foliyesta ce. Faɗin kurar da igiya ke bi ya kai ninki 8 na kaurin igiyar, kuma kurar da ke mayar da igiya baya gaba ɗaya tana ɗaukar nauyi ninki biyu, don haka ƙusarta ta fi ta sauran kauri.

Ramin da gindin jigo ke zama a huda masa mafitar ruwa mai milimita 8 a gefe, a kuma shayar da gindin jigon ifoksi sau uku kafin a tsayar da shi.