Yadda Ake Dasa Ɓaure a Gida da Kula da Shi Har Ya Yi 'Ya'ya

Ɓauren da ake dasawa a gida don cin 'ya'yansa daban yake da ɓauren da muka saba gani a bakin rafi ko a tsakiyar gona, wanda kan zama ƙatuwar bishiya irin danginsa cediya da durumi da gamji. Na gidan shi ne wanda Larabawa ke kira tin, wanda aka ambata tare da zaitun a farkon Suratut Tin, kuma asalinsa yankin Bahar Rum ne da yammacin Asiya. Turkiyya ce kan gaba wajen nomansa, sannan ana noma shi sosai a Masar da Maroko da Aljeriya. Itace ne mai son rana, mai jure zafi, wanda za a iya tsayar da shi a mita 2 zuwa 3 idan ana datse shi, saboda haka tsakar gida ma tana iya ɗaukarsa.

Babban abin da ke raba wanda ya ci ɓaurensa da wanda ya yi wahalar banza shi ne irin da aka dasa. Duk wanda ya taɓa ɓare ɓauren daji ya san ba a rasa ƙananan ƙwari a cikinsa, kuma waɗannan ƙwarin su ne ke yi masa barbara. Wasu nau'o'in tin ma haka suke, musamman wanda ake busarwa a yankin Aydin na Turkiyya: idan babu ƙwaron da ya keɓanta da su, sai 'ya'yan su fito su zube tun suna ɗanye. Don haka a nemi nau'in da ke nuna ba tare da barbara ba, kamar Brown Turkey ko Black Mission ko Kadota. Kada a ɓata lokaci wajen shuka ƙwayoyin busasshen ɓauren da aka saya a kanti, domin abin da zai tsiro ba lallai ne ya gaji uwarsa ba, yana ma iya zama wanda 'ya'yansa ba sa ciwuwa. Hanya mafi aminci ita ce a yanko reshe daga bishiyar da mutum ya ga ta yi 'ya'ya sun nuna a garinsu.

A zaɓi reshen bara wanda ya yi ƙwari, mai kaurin yatsa, a yanke shi tsawon santimita 20 zuwa 25, yana ɗauke da gaɓa uku ko huɗu. A cire ganyen, a soka ƙasansa a ledar dashe mai huji wadda aka cika da yashi haɗe da ruɓaɓɓen taki, a binne gaɓa biyu a bar sauran a waje, kuma a kula kada a kifa reshen. A ajiye ledar a inuwa mai haske, ana jiƙa ta daidai gwargwado. Cikin mako huɗu zuwa shida yakan yi saiwa. Ganye yakan riga saiwa fitowa, don haka kada ɗoki ya sa a tuge shi don a duba. Ya fi kyau a kafa reshen a ƙarshen hunturu, yadda zai yi ƙarfi kafin a mayar da shi ƙasa idan damina ta zauna.

Wurin dasawa ya kasance yana samun rana aƙalla awa shida, kuma ruwa ba ya kwanciya a cikinsa, domin saiwar ɓaure tana ruɓewa a ƙasar da ta jiƙe ta ƙi tsanewa. Saiwar tana yaɗuwa nesa tana bin danshi, saboda haka a nisanta shi da katanga da rijiya da ramin masai kamar mita 4 ko 5. A haƙa rami mai faɗi da zurfin rabin mita, a cakuɗa ƙasar da takin shanu ko na awaki da ya huce. Wanda gidansa ke da daɓen siminti zai iya amfani da rabin duro da aka huda ƙasansa, kuma ɓaure yana yin 'ya'ya sosai a haka, sai dai zai riƙa buƙatar ruwa a kai a kai.

A ganina, ban ruwa ne wurin da ya fi cancantar kulawa. Gaskiya ne ɓaure yana jure fari, amma jurewa daban, haihuwa daban. Idan aka bar shi da ƙishi a watan Maris da Afrilu sai ya zubar da 'ya'yansa, idan kuma aka kwarara masa ruwa mai yawa bayan ƙasa ta daɗe a bushe, sai 'ya'yan da suka kusa nuna su tsage su yi tsami. Abin da ake so shi ne danshi mai ɗorewa: a ba sabon dashe ruwa sau biyu ko uku a mako, babba kuwa a ƙosar da shi sau ɗaya a mako da rani, a ƙara a tsananin bazara. A rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa, amma a bar tazarar tafin hannu tsakaninsu da jikin itacen saboda gara. Idan ganye ya yi rawaya ya zube da hunturu, hutu yake yi, sai a rage ruwa har ya sake toho.

Taki kaɗan ya ishe shi. Yawan takin zamani, musamman yuriya, ganye yake tara masa ya hana shi 'ya'ya.

'Ya'yan ɓaure suna fitowa ne a hammatar ganye, wato inda ganye ya haɗu da reshe, a kan sabon reshe, shi ya sa datsewa ke da amfani. Idan dashen ya kai tsayin ƙugu a yanke kansa, a zaɓi rassa uku ko huɗu da suka fuskanci ɓangarori daban-daban a bar su, sannan duk shekara a ƙarshen hunturu a cire busassu da waɗanda suka cushe tsakiya. A sa safar hannu, domin farin ruwan da ke fita daga jikinsa yana ƙona fata, musamman idan rana ta doke wurin, kuma a hana yara wasa da shi.

A ƙasa mai yashi, babban makiyinsa wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani, waɗanda ke sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli, itacen ya tsumbure. A guji dasa shi inda tumatir ko kuɓewa suka yi wannan ciwo, a kuma yawaita takin gargajiya. Da damina ganyen kan yi ɗigo-ɗigo masu launin tsatsa, sai a tattara wanda ya zube a ƙone. Awaki sai da shinge, tsuntsaye da jemagu kuwa tsohon gidan sauro ya ishe su.

Dashen reshe yakan fara haihuwa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Ɓaure ba ya ƙarasa nuna bayan an tsinke shi kamar yadda mangwaro ke yi, don haka a jira sai ya yi taushi, wuyansa ya langaɓe ya sunkuyo. A tsinke shi da safe tare da ɗan maƙalinsa, a ci cikin kwana biyu ko uku, abin da ya rage kuma a tsaga shi biyu a shanya a kan faifai, a rufe da yadi marar kauri saboda ƙuda.