Ga masu koya wa 'yan Koriya Turanci

'Yan uwa, in za ku koyar da "come to your senses", ku fara da abin da suka sani: "jeongsin charida", wato mutum ya dawo cikin hayyacinsa. Nan take suke ganewa.

Inda nake ganin suna tuntuɓe shi ne jam'i. A yarensu ba dole ba ne a nuna jam'i, sai ka ji ɗalibi ya ce "come to sense". Ku nace masa, "senses" ne kullum, kuma wakilin suna yana canzawa: "she came to her senses".

Sannan su kan faɗa wa mai gyangyaɗi "jeongsin charyeo". A Turanci wannan "wake up" ne. "Come to your senses" kuwa na wanda ya fasa aikata wauta ne.