Kurakuran da ke sa torrent ya tsaya cak, da yadda ake gyara su

Mai sauke fayil ta BitTorrent ba daga wuri ɗaya yake karɓa ba. Tun da Bram Cohen ya fito da tsarin a 2001, ka'idarsa ɗaya ce: ana datsa fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa a sake raba ta gutsattsari masu kilobait 16, sai kwamfutoci su yi ta musayarsu a tsakaninsu. Kana karɓa daga wani a Jamus, kana miƙa wa wani a Indiya abin da ya riga ya zo hannunka. Yawancin koke-koken da ake yi, daga rashin gane wannan suke tasowa.

Babban kuskure shi ne toshe ɗorawa. Mutum ya ga datarsa na zurarewa, sai ya shiga saitin manhaja ya maƙure abin da take aikawa, sannan ya zauna yana mamakin jan ƙafar da saukewa ke yi. Ai tsarin na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. A asalin ƙa'idar, kowace kwamfutar da ke cikin saukewa tana buɗe wa mutum huɗu ƙofa, waɗanda suka fi ba ta, kuma duk daƙiƙa 10 takan sake duba su wa suka cancanta. Akwai gurbi guda da take juyawa duk daƙiƙa 30 don ta gwada baƙo. Wanda ba ya bayarwa, wannan gurbin na sa'a yake jira, ko kuma alherin waɗanda suka riga suka gama.

Amma sakin ɗorawa ba iyaka shi ma yana da illa, domin idan hanyar fita ta cushe, ƙananan saƙonnin da kwamfutarka ke aikawa don neman gutsure na gaba sai su maƙale a layi. Ka auna ƙarfin ɗorawa na layinka, ka ba manhajar kamar kashi 80 cikin 100 nasa. Na san tsadar data ba wasa ba ce, kuma abin da ka ɗora ma daga kuɗinka ake cirewa. Mafita ita ce ka bar manyan fayiloli sai kana kan waifai ko datar dare, ka kuma saita manhajar torrent ɗinka, kamar qBittorrent ko Transmission, ta daina rabawa da kanta da zarar ka mayar da daidai abin da ka karɓa.

Sai masu fara saukewa ba su duba ko akwai mai cikakken fayil ba. Idan layin Seeds, wato adadin masu cikakken fayil, ya nuna sifili, kuma waɗanda ke nan duk gunduwa ɗaya suka rasa, to ko kwana nawa za ka yi, a kashi 99 za ka tsaya. A qBittorrent akwai lambar da ke nuna yawan samuwar fayil; in ta gaza 1, babu cikakken kwafi a cikin waɗanda ka haɗu da su. Ka nemi wani torrent ɗin tun kafin ka ƙona data.

Wannan yana da alaƙa da wata ɗabi'a da ba na so: tilasta wa manhaja ta sauke a jere daga farko zuwa ƙarshe. Da gangan take fara farautar gunduwar da ta fi ƙaranci a hannun jama'a, don kada ta ɓace idan mai ita ya kashe kwamfuta. In ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ka bar ta ta yi zaɓinta.

Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ka kunna kwamfuta ka tarar da jan rubutu: kada ka goge ka faro daga tushe. Kowace gunduwa tana da tambarin lissafi na SHA-1, wato lambar da ake gane ingancinta da ita, a cikin ɗan fayil ɗin torrent da ka buɗe don fara saukewa, sabon tsarin kuma yana amfani da SHA-256. Danna Force recheck, manhajar za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe masu kyau, ta sake neman waɗanda suka lalace kawai. Haka za ka yi idan ka sauya wa fayil mazauni, bayan ka nuna mata sabon wurin. In kuwa kullum a wajen gigabait 4 yake mutuwa, duba filashi ko katin memori: tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya kai haka, sai ka kwashe kayanka ka mayar da shi exFAT.

Masu layin waya kan sha wahalar buɗe tashar shigowa (port), wato ƙofar da wasu kwamfutoci ke bi su tuntuɓe ka, a banza. Kamfanonin waya sukan tara kwastomomi da yawa a bayan adireshin intanet ɗaya, don haka na waje ba zai iya fara tuntuɓarka ba, sai dai kai ka tuntuɓe shi. Ka tabbata DHT da PEX, hanyoyin da manhaja ke gano wasu masu fayil ɗin, a kunne suke a saitinta don ka sami ƙarin abokan musaya.

Wancan tambarin lissafi kuma, abin da yake tabbatarwa shi ne ka sami daidai abin da mai torrent ya zuba, ko da ƙwayar cuta ce ya zuba. Tsarin aikin kwamfuta na Ubuntu ko Debian kake so, ko Wikipedia ta Kiwix da ake karantawa ba intanet, ɗauko torrent ɗin daga shafinsu na ainihi. Ka kuma sani duk wanda kuke musaya da shi yana ganin adireshin intanet ɗinka.