Kurakuran da aka fi yi wajen ba da tarihin Fabiano Caruana

Kuskuren farko yana ga sunan wasan kansa, domin masu rubutu da yawa sukan ce Caruana gwanin dara ne su tsaya nan, alhali darar da Bahaushe ya sani ana yin ta ne a gurabe 30, shi kuwa ces yana da gidaje 64, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 16. A kira shi ces, ko darar Turawa.

Game da ƙasarsa kuma, wasu sukan ce a Italiya aka haife shi, wasu su ɗauka Amurka kaɗai ya taɓa wakilta. An haife shi a Miami ta Amurka ranar 30 ga Yuli, 1992, ya tashi a Brooklyn, iyayensa suka koma Turai da shi a 2004 domin ya samu gasanni masu ƙarfi, ya kuma wakilci Italiya daga 2005 zuwa 2015 kafin ya koma buga wa Amurka. Gyaran shi ne a duba shekarar kowace nasara kafin a danganta ta ga wata ƙasa. Kambun Italiya da ya ci sau huɗu, a 2007, 2008, 2010 da 2011, na Italiya ne, haka ma laƙabin babban gwani da hukumar wasan ces ta duniya, FIDE, ta ba shi a 2007 yana ɗan shekara 14. Zinaren gasar ƙasashe ta Baku a 2016 kuwa da tawagar Amurka ya samo shi.

A nan ne aka fi tauye wa Italiya haƙƙi, abin kuma yana damuna, domin bajintarsa mafi girma da tutarta ya yi ta. A gasar Sinquefield ta 2014 ya ci wasanni bakwai na farko a jere, har da wanda ya doke Magnus Carlsen, mai riƙe da kambun duniya a lokacin, ya gama da maki takwas da rabi cikin goma. Kasancewar a St. Louis ta Amurka aka yi gasar shi ne yake ruɗin mutane. A watan Oktoban shekarar ne ma'auninsa, wato adadin da FIDE take auna ƙarfin ɗan wasa da shi, ya kai 2844.

Akwai kuma masu cewa Carlsen ya lallasa shi a karawar neman kambun duniya a Landan a Nuwamban 2018. Wasanni 12 na dogon lokaci duk kunnen doki aka yi, kowa ya tashi da maki shida, tunda canjaras rabin maki ne ga kowane ɓangare. Sai a wasannin raba gardama na gaggawa Carlsen ya ci uku a jere ya riƙe kambunsa, don haka wajibi ne marubuci ya fayyace irin wasan da aka yi nasarar a cikinsa.